Dattijo Ya Haɗiye Allura

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hantsin nan da ake yayyafi sama-sama, rana ta ƙi fitowa ta kuma ƙi komawa, ni Auta, a madadin Babanmu da Ummanmu da Yayata da sauran dangi na kusa da na nesa, har da waɗanda ba a ganin ƙeyarsu sai za su kawo wando a rage musu tsawo kyauta, nake sanar da jama'a rasuwar keken ɗinkinmu na ƙafa, wanda aka fi sani da Dattijo. Ya rasu a bakin aiki, a kusurwarsa ta gefen taga, da bargo a bakinsa bai gama taunawa ba.

A yi haƙuri da jinkirin fitar da wannan sanarwa. Gardama ce ta tsayar da ita a gida, kan ko marigayi za a rubuta ko marigayiya. Gwaggo ta ce mace ce, domin Kakarmu, wadda ta fara mallakarsa a gidanmu, "ƙawata" take ce masa, kuma ɗaki ɗaya suke kwana. Kawu ya ce keke namiji ne ko a gaban alƙali. Aka yi ta ja har Umma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu ta ce, "Abin da ba ya motsi sai an taka shi, kuma in ya fara surutu ba ya jin kira? Ku rubuta marigayi." Shi ke nan aka tsaya a kan marigayi.

Na kuma je wurin malamin da ke bayan layinmu na tambaye shi ko ya halatta in rubuta Allah ya jiƙansa. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya tambaye ni ko na karya kumallo. Don haka ban rubuta ba. Wanda ya ga zai iya, ya faɗa a zuciyarsa.

Babu wanda ya san shekarun Dattijo. Kaka ta saye shi a hannun wani tela da shi ma gadonsa ya yi. Baƙi ne wuluk, mai siririn wuya da faɗin ƙugu, an yi masa ado da furanni masu ruwan zinariya waɗanda hannaye suka shafe, sai ɗan ganye ɗaya da ya rage a bayansa inda hannu ba ya kaiwa. Sunan kamfanin da ya ƙera shi ma ya goge. Ƙafafunsa na ƙarfe ne zalla, masu lanƙwashe-lanƙwashe kamar ƙofar gidan masu hali. Ranar da muka taso daga tsohon gida, ƙartin da suka ɗauko shi sun yi ta kiran sunan iyayensu a kan matakala, ɗaya daga cikinsu har yau a karkace yake gaishe mu.

Marigayin mutumin kirki ne, in dai za a ce wa ƙarfe mutum. Bai taɓa tambayar ko an kawo wuta ba. Ranar da layi ya yi tsit, masu kekunan lantarki suka fito ƙofar shago suna fifita da kwali suna zagin wanda ba ya jin su, Dattijo yana ciki yana ta tak-tak-tak-tak abinsa. Cinsa kaɗan ne, ɗigon mai nan, ɗigon mai can, sai ya yi mako bai ce uffan ba. Ya ɗinka rigunan makarantarmu, ya ɗinka labulen da ya rufa wa falonmu asiri, ya faci wandon Kawu a wuri ɗaya har facin ya fi wandon yawa.

Ba a faɗin laifin mamaci, amma tunda shi ba ya da kabarin da za a tsananta masa, bari in taɓa kaɗan. Yana da zaɓen yadi. In aka kawo baƙi ko shuɗi sai ya kame bakinsa, amma ranar da aka shimfiɗa masa farin yadi mai tsada, ranar yake tuna yana da mai a ciki, ya ɗiga shi daidai ƙirji. In gari ya yi danshi kamar yau, sai ya riƙa tsallake ɗinki, ya yi uku ya bar ɗaya, kamar mai biyan bashin sallah da gaggawa. Sannan bai taɓa ƙaunata ba. Wannan kowa ya sani. Masu keken ƙafa sun san ana taka shi ne da lallashi, dunduniya ta sauka, yatsu su karɓa, tayar ta yi ta juyawa gaba. Ni kuwa da na ɗora ƙafa sai ya yi gaba kaɗan, ya yi tunani, ya dawo da baya, zare ya dunƙule a ƙasa kamar gashin da ya shekara bai ga mataji ba. Baba ya koya mini da baki, ya koya mini da tsawa, ya koya mini da ɗan bugu a ƙeya. Daga ƙarshe ya ce, "Auta, hannunka na tela ne, ƙafarka ta mai kashe kyankyaso." Ya sallame ni na koma share ƙyallaye.

Waɗanda suka san mu kwanan nan za su ce ai ba tufafi Dattijo ke ɗinkawa ba, barguna ne. Gaskiya ne, kuma ga yadda aka yi.

Shekarun baya Baba ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Bakinsa ne ya fara dawowa, abin da Umma ta ce da an yi shawara da ita, da hannun ta zaɓa. Hannun bai dawo ba har yau. Ƙafar kuwa ta tsaya a tsakiya, ba ta mutu ba, ba ta rayu ba, sai jan ta yake yi. Ma'aikaciyar asibiti ta ce dole ya riƙa motsa ta kullum, in ya kwanta ya bar ta, za ta bi sahun hannun. Ta nuna masa yadda zai ɗaga ya sauke yana ƙirgawa. Baba ya ce shi ba zai kwanta a gado yana wutsil-wutsil da ƙafa kamar jaririn da ake canza wa ƙunzugu ba. Ya juya wa bango fuska. Masu kawo ɗinki suka zo gaisuwa sau ɗaya, suka karɓi yadinsu a hankali suka wuce shago na gaba.

Umma ce ta gaji. Wata safiya ta tsaya tsakanin ɗakin Baba da inda nake zaune ta ce, "Wancan yana da ƙafa babu hannu, wannan yana da hannu babu ƙafa. Ku haɗu ku zama tela guda mana, ko na samu in share ɗakin nan." Ta jawo dogon benci ta ajiye gaban Dattijo.

Haka muka fara. Baba a dama, ni a hagu, kafaɗa na gugar kafaɗa. Nakan ɗaga ƙafarsa ta hagu in ɗora masa a kan matakin ƙarfe, ya ɗora ta dama kusa da ita, mai lafiya tana jan marar lafiya. Da hannun dama yake tayar da tayar sama. Ni kuma ina riƙe da yadi ina bi da shi ƙarƙashin allura. Riga ta gagare mu, domin wuya da hammata suna son mutum ɗaya mai kai ɗaya, mu kuwa kai biyu ne kuma ba sa jituwa. Abin da muka iya shi ne miƙaƙƙen layi. To me ake yi da miƙaƙƙen layi? Sai bargon ƙyallaye.

Nakan zaga shagunan teloli da buhu in kwaso abin da suka zubar. A wanke, a goge, in yanka su murabba'i daidai tafin hannu, Baba yana daga zaune yana zaɓen wanda zai zauna kusa da wane. Yana da ra'ayi a kan wannan fiye da yadda yake da shi a kan auren 'ya'yansa. "Kar ka haɗa ja da ja, faɗa za su yi. Sa wancan mai ruwan toka a tsakani ya raba." A haɗa ƙyalle da ƙyalle su zama layi, layi da layi su zama fuska. Sai a shimfiɗa zanin gado a ƙasa, a ɗora tsohon bargo ko auduga a tsakiya, a rufe da fuskar, in bi da rarrafe ina kafa manyan ɗinki na hannu don kar su zame. Daga nan aikin Dattijo ne: a naɗe rabin bargon kamar tabarma a cusa a hammatarsa, ya bi ya ɗinke hawa ukun nan layi bayan layi har su zama abu ɗaya.

Bargo yana da nauyi, yana son zamewa ƙasa ya ja allura. Nan Baba ya samo wa mataccen hannunsa aiki. Yakan ɗauke shi da na dama ya ɗora a kan bargon, tim, ya ce, "Zauna nan, malalaci, ka ci abincinka da guminka." Wallahi babu madannin da ya kai shi. In baƙo ya shigo ya ga haka ya rasa inda zai sa idonsa, Baba sai ya ce, "Gaishe shi mana, shi ne manajan wurin."

Da farko nakan ce "tafi", in ce "tsaya". Daga baya muka daina. Dattijo ne ke magana. A fili yana tak-tak-tak-tak. In ya doso mahaɗar da kusurwa huɗu suka taru, inda kauri ya ninku, sai muryarsa ta sauka, gurum, gurum, ƙafar Baba ta lafa da kanta, ya haye a hankali kamar tsoho a bakin kwata, sannan ya ci gaba. Matakin kuma yana ƙasa yana nasa, ƙiii-kwal, ƙiii-kwal, tun safe har a kira mu cin abinci. A cikin wannan ƙiii-kwal ɗin ƙafar Baba ta farfaɗo ba tare da an ƙirga mata ko ɗaya ba. Ya fara zuwa ƙofar gida da sanda. Ya fara kaiwa shagon mai aski, inda yake zama ya gyara wa gwamnatocin duniya kurakuransu. Ma'aikaciyar asibiti ta ce lallai yana bin abin da ta koya masa. Baba ya ce, "Sosai ma, 'yata."

Ciwon ajali ya zo ta hannun matar mai gidan burodi, ba da nufinta ba, kuma iyalan marigayi sun yafe mata duk da ba ta nema ba. Ta kawo buhun tsofaffin kayan 'ya'yanta maza da suka girma suka watse, ta ce a haɗa mata bargo ta riƙa jin su kusa. A ciki akwai wandon jins. Na yanka shi, na cire zif, na cire maɓalli. Ashe a bakin ƙaramin aljihu akwai wani ɗan ƙarfe mai kamar ƙwayar gero da aka dasa, ya shige cikin ninki ya yi lamo. Muna tsakiyar bargon, layi ya miƙe, Baba yana ba ni labarin yadda ya taɓa ɗinka wa wani mai tumbi riga sau uku tumbin na gaba rigar na baya, ƙafarsa ta ɗauki zafi da daɗin labari. Sai muka ji ƙas. Bayan ƙas sai wani ƙurrr daga can cikin ciki, irin wanda ban taɓa ji ba. Sai shiru.

Allurar ta karye, tsininta ya faɗa ciki, Dattijo ya haɗiye, ya kuma yi ƙoƙarin taunawa da sauran ƙarfin da ke jikinsa. Kalmarsa ta ƙarshe ke nan, ƙurrr. Bai bar wasiyya ba.

An yi iya ƙoƙari. Kawu ya ce a ba shi kananzir, aka ɗura masa har ɗakin ya koma warin gidan mai, Umma ta hana kunna ashana kwana biyu. Gwaggo ta ce bakin mutane ne, tun ranar da maƙwabciya ta ce "kai, wannan keke da ƙarfi yake" ba ta ƙara da komai ba. Aka kira mai gyaran kekuna, wanda ake ce wa Likita. Ya kwantar da marigayin, ya buɗe cikinsa, ya haska da fitilar waya, ya ja tsaki mai tsawo. Ya ce wani ƙarfe ne a ƙasa, wanda ke kai zare ya komo, ya tsage gida biyu, ya kuma lanƙwasa na kusa da shi. Na ce a sayo sabo. Ya ce, "Ɗan'uwa, wanda ya ƙera wannan, jikokinsa ma sun mutu." Muka kai wa mai walda. Mai walda ya ce ƙaramin abu ne. Ya haɗa shi tsaf, ya haɗa har da abin da Allah bai haɗa ba. Da aka mayar, allura ta ƙi sama ta ƙi ƙasa. Likita ya dawo ya duba, ya cire hularsa, ya mayar, ya ce a yi haƙuri.

An zauna a kan wanda ke da laifi. Na ce yatsuna ne ba su laluba da kyau ba. Baba ya ce ƙafarsa ce ta yi gudu. Umma ta ce mu rufe mata baki, wandon ne. An amince da haka baki ɗaya, kuma an hukunta wandon, yanzu shi ake goge ƙafa da shi a ƙofar banɗaki.

Marigayin ya bar mata ɗaya, almakashi, wadda ta daɗe da dakushewa amma ba a faɗa a gabanta. Ya bar 'ya'ya allurai da yawa a cikin gwangwanin alewa, wasu sun yi tsatsa, wasu ba a san ubansu ba. Ya bar tef ɗin awo da bakinsa ya guntule, wanda ya sa duk mutanen layinmu suke zaton sun fi yadda suke ƙiba. Ya bar aljihun tebur cike da maɓallan da babu biyu masu kama da juna. Ya bar kyanwar gidanmu, da ta saba kwana a buhun ƙyallaye tana jin rugugin aiki, yanzu tana zagaya ƙafafunsa tana kallona kamar ni na kashe shi. Ya bar bargon matar mai gidan burodi, maraya, rabi a ɗinke rabi a buɗe.

Ya kuma bar Baba.

Ranar da Likita ya cire hula, Baba ya ɗauke manaja daga kan bargon ya ajiye a cinyarsa, ya jawo sanda, ya shige ɗaki. Tun ranar ba ya fitowa sai banɗaki, shi ma da dafa bango. Mai aski ya aiko a tambaya ko lafiya, duniya ta rikice babu mai gyara ta. Na shiga na ce ko za mu ɗan taka zuwa ƙofar gida, ya ce me aka ajiye masa a can. Na ce to bari in ɗaga masa ƙafar yadda ma'aikaciyar asibiti ta ce, ya ce in na taɓa shi sai ya rotsa mini kai da hannun da ya rage. Jiya da nake sa masa silifa na ji ƙafar ta yi nauyi, ta yi sanyi, yatsun ba sa kama takalmin. Na san wannan nauyin. Irin na manaja ne.

Yayata, wadda ke aiki a kantin magani kuma ba ta da lokacin kukan ƙarfe, ta zo da sabon keke na lantarki a kwali. Fari ne, mara nauyi, ana ɗaukarsa da hannu ɗaya kamar jakar zuwa biki. Yana da ɗan mataki na roba da ko mai kashe kyankyaso zai iya dannawa. Na gwada, ya tafi zuuu, layi ya miƙe, bai dawo da baya ba. Karon farko a rayuwata na yi ɗinki ni kaɗai. Na ɗaga kai don in ga wa ya gani, sai na tuna bencin ya yi mini faɗi. Na kashe shi. Yaya ta ce, "To mene ne kuma? Aiki dai zai ci gaba, ko ba shi ake so ba?" Na ce shi ne. Ta dubi ƙofar ɗakin Baba, ta dube ni, ta ɗauki jakarta ta ce gobe za ta turo mai gwangwan ya kwashe wannan tsohon ƙarfen, ya daina cin wuri yana tayar wa mutane hankali.

Saboda haka, ga tsarin jana'iza. Za a yi wa marigayin wanka da tsumma da sauran kananzir ɗin Kawu. Za a lulluɓe shi da tsohon zanin gado, ba fari ba, don kar ya ɗiga masa mai a tafiyar ƙarshe. Mai gwangwan zai iso da baronsa in yayyafi ya ɗauke. Ana neman ƙarti majiya ƙarfi da ba su san tarihin matakalarmu ba. Za a ɗora shi a sikeli, abin da ba a yi wa kowane mamaci sai shi, daga nan a wuce da shi inda ake narka irinsu. Mai yiwuwa ya dawo duniya a matsayin tukunya ko ƙofar shago. Duk wanda tukunyarsa ta riƙa ɗiga a kan farin kaya, ya gaishe mana da shi. Ana karɓar gaisuwa a falo. A yi magana ƙasa-ƙasa in an zo wucewa ta ƙofar ɗaki na biyu, inda Baba yake.

Gyara. Na kai nan na ajiye biro, sai abubuwa suka canza, kuma ba ni da wata takardar da zan sake kwafewa, don haka a ci gaba da karantawa.

Yaya ta riga mai gwangwan isowa, lemarta na ɗiga. Ta ce kafin a fitar da gawa bari ta ga na ƙarasa bargon mutane. Ta zauna gaban sabon keken tana taɓe-taɓe, ta juya mini baya. Can sai ta ce zaren ƙasa ya ƙare. Ga wanda bai sani ba, keke da zare biyu yake ɗinki, na sama da kowa ke gani, da na ƙasa da ake naɗawa a wani ɗan ƙarfe mai kamar zobe, bobin, a sa a ciki. Kowane keke yana da wurin naɗa shi a gefe. Yaya ta sa bobin a na sabon, ta danna. Injin ya yi zuuu, bobin ko gezau. Ta sake dannawa. Ta buga tebur.

Ta miƙe ta tafi ƙofar ɗakin Baba, ba sallama mai daɗi ba komai, ta ɗaga murya. "Baba, an cuce ni. Abin nan ba ya naɗa zare. Ga bargon mutane a buɗe, matar nan ta aiko sau biyu."

Can daga ciki muka ji, "Ku naɗa da hannu."

"Auta ne zai naɗa da hannu? Ka san naɗin Auta. Gefe ɗaya tudu, gefe ɗaya rami."

Ban taɓa naɗa bobin da hannu ba balle a san naɗina.

Aka daɗe. Sai gado ya yi ƙara. Sai sanda, ƙwas, da jan ƙafa a bayanta, shaaa. Ƙwas, shaaa. Na tashi zan tare shi, Umma ta riƙe mini riga daga ƙofar kicin. Ya fito da hula a karkace, fuska a murtuke, yana faɗin kayan zamani duk kwali ne da fenti. Ya zauna a benci da ƙyar. Ya yaye zanin da na lulluɓe gawa da shi ya jefar. Ya kama wani ɗan murfi mai sheƙi a tsakiyar tayar sama ya murɗa shi baya da hannun dama. Ashe in aka sassauta shi, tayar takan rabu da cikin keken ta yi juyinta ita kaɗai, ba ruwanta da allura ko abin da mai walda ya aikata. Ya kafa bobin ɗin sabon keken a gefen Dattijo, ya zauna daram kamar don shi aka yi. Ya dube ni.

"Ka tsaya kallona? Ɗora mini ƙafar."

Na durƙusa na ɗora. Da farko ta dama ce kawai ke aiki, ta hagu tana bi kamar buhu. Matakin ya ce ƙiii, ya tsaya. Ya ce ƙiii, kwal. Sannan ya kama. Babu tak-tak-tak, wannan ya tafi ke nan. Sai wani siririn sirrrr da zare ke yi yana hawa bobin, layi a kan layi, sumul. Baba ya cire ya miƙo mini ba tare da ya kalle ni ba, ya ce in kawo wani, in kuma kawo masa duk launin da bargon zai ci, tunda an sayo mana abin da ba ya iya ciyar da kansa.

Mai gwangwan ya iso yana buga ƙofa. Umma ta leƙa ta taga ta ce masa mamacin ya samu aiki.

Don haka an ɗage jana'iza har sai abin da hali ya yi. Likita ya tabbatar ta waya cewa marigayin yana nan a mace, kar a yi masa ƙarya. Masu zuwa gaisuwa su zo da safe, lokacin aiki, kuma duk telan da ke da bobin da babu zare ya taho da shi, ana naɗawa.

Da Yaya za ta tafi, Baba ya ce mata ba tare da ya tsayar da ƙafa ba, "Ke kuma gobe kya ƙara sayen abu ba ki tambayi manya ba. An ga mace da jaka an sayar miki da fanko." Ta ce, "Haka ne, Baba." Na raka ta matakala da lema. A hawa na biyu ta tsaya, ta buɗe tafin hannunta. Wani ɗan zoben roba ne baƙi, wanda ke juya wurin naɗin sabon keken. Ta cusa mini shi a aljihun riga ta ce, "Ɓatar da shi." Ta karɓi lemarta ta sauka, tana tsallake ruwan da ya taru a ƙofa.